Kwaleji ko jami'a: wace hanya ta dace da mai son zama nas a Najeriya?

Duk shekara da zarar an fara sayar da fom ɗin JAMB, gidan da ke da ɗiya ko ɗa mai sha'awar aikin jinya yakan shiga shawara iri ɗaya. A cike jami'a ne a nemi digirin jinya na BNSc, ko a cike kwalejin koyon aikin jinya da ungozoma a yi ND da HND? Kawu zai ce jami'a ce daraja. Goggo da ta yi ritaya daga babban asibiti za ta ce 'yan jami'a ko kanula, allurar ƙarin ruwa, ba su iya sawa ba. Kowannensu ya taɓo gaskiya, sai dai yawancin masu ba da shawarar suna magana ne a kan tsarin da suka sani shekaru 20 da suka wuce, tsarin kuwa ya canza.

Abu na farko da ya kamata a riƙe shi ne, ba takardar makaranta ce ke mayar da mutum nas ba, lasisi ne. Lasisin kuma hukuma ɗaya ce ke bayar da shi, wato Hukumar Kula da Aikin Jinya da Ungozoma ta Najeriya, NMCN, wadda dokar da ta kafa ta a siffarta ta yanzu ta fito a 1979. Wanda ya ci jarrabawarta ta aikin jinya shi ne RN, wato nas mai rajista, wadda ta ci ta ungozoma ita ce RM, ungozoma mai rajista. Ɗan kwaleji da ɗan jami'a jarrabawar RN iri ɗaya suke zaunawa, rajista ɗaya ake sa su. Saboda haka a gaban gadon majinyaci doka ba ta ba ɗaya izinin abin da ta hana ɗayan ba. Bambancin yana wasu wurare: shekarun da za a ɗauka kafin a fara karɓar albashi, yadda hannu zai goge, da kuma inda matakalar ƙarin girma za ta tsaya.

Abin da ya canza a kwalejoji

Tsohon tsarin da iyayenmu suka sani shi ne makarantar jinya ta shekara 3. Makarantar ce ke sayar da fom ɗinta, ta yi jarrabawarta da ganawar baka. Bayan kusan wata 6 a yi jarrabawar tankaɗe da rairaya da ake kira PTS, wanda ya faɗi ya tattara kayansa. Wanda ya kai ƙarshe ya fito da RN. Matsalar wannan takarda ita ce ta sana'a ce zalla, ba ta da gurbi a tsarin takardun ilimi na ƙasa, shi ya sa mai ita ba ya zuwa bautar ƙasa, kuma ba ya iya wucewa digiri na biyu da ita.

Don a toshe wannan giɓi aka mayar da makarantun kwalejoji, aka shigo da hukumar NBTE da ke Kaduna, mai kula da ilimin fasaha, ta riƙa tantance ɓangaren karatu, NMCN kuma ta ci gaba da riƙe ɓangaren sana'a. Yanzu shiga ta JAMB ake yi. Karatun shekara 4 ne, 2 na ND, 2 na HND, kuma a jere ake yin su. Kada wani ya yi tunanin zai karɓi ND ya fita neman aiki kamar yadda ake yi a sauran kwasa-kwasan foliteknik, domin ND ita kaɗai ba ta ba da lasisi. A shekara ta uku ake zama jarrabawar RN, a ta huɗu kuma a ƙara ta biyu, ko ta ungozoma ko ta lafiyar al'umma, gwargwadon abin da aka amince wa kwalejin ta koyar. Ba duka makarantu ne suka sauya a lokaci guda ba, don haka sai an tambayi kowace kwaleji tsarin da take kai a wannan shekarar.

Digirin jami'a shi ma ba sabon abu ba ne. Jami'ar Ibadan ta fara shi a 1965. A Arewa akwai shi a ABU Zariya, da Jami'ar Bayero ta Kano, da Jami'ar Usmanu Danfodiyo ta Sakkwato, da Jami'ar Maiduguri, da wasu jami'o'in jihohi da masu zaman kansu. Shekara 5 ne ga wanda ya shigo da UTME, wato jarrabawar JAMB. Wajen aji huɗu ake zama jarrabawar RN, a aji biyar a yi ta ungozoma, wasu jami'o'in su haɗa da ta lafiyar al'umma.

Sharaɗin shiga kusan ɗaya ne: kiredit 5 a Turanci, lissafi, bayoloji, kemistiri da fizik, a zama ɗaya ko biyu, ba fiye ba. A JAMB kuma Turanci, bayoloji, kemistiri da fizik. Inda suka rabu shi ne gasa. Gurbin jinya a jami'ar gwamnatin tarayya yana daga cikin mafiya wuyar samu, makinsa ba ya nisa da na likitanci. Ɗalibai da yawa sukan ɓata shekara 2 ko 3 suna maimaita JAMB, ko kuma a tura su wani kwas da ba su nema ba, alhali da makin da suka samu tun shekarar farko da sun shiga kwaleji.

Lissafin shekaru

A takarda bambancin shekara ɗaya ne, 4 da 5. A zahiri ya fi haka. Mai HND zai yi shekara 4, ya ƙara shekarar bautar ƙasa, 5 ke nan. Mai BNSc zai yi 5, sannan dole ya yi shekara guda ta horon aiki a asibitin da aka amince da shi kafin ya samu cikakken lasisi, sannan bautar ƙasa, 7 ke nan idan komai ya tafi daidai. Komai kuwa ba kasafai yake tafiya daidai ba. Yajin aikin ASUU na 2022 ya cinye wata 8, na 2020 ya kai wata 9. Jarrabawar NMCN tana da lokutanta tsayayyu a shekara, idan yajin aiki ya sa aji ya rasa zama ɗaya, sai jiran na gaba.

Shekarar horon aikin tana da daɗi da ɗaci. Ana biyan albashi a cikinta, kuma nan ne hannun ɗan jami'a ke faɗawa, domin ana zagayawa da shi sashen marasa lafiya na ciki, da na tiyata, da na yara, da na haihuwa. Ɗacin shi ne samun gurbi. Masu kammala digiri sun fi guraben da asibitoci ke buɗewa yawa, ana iya zama watanni a gida ana aika takardu, kuma ba a wucewa bautar ƙasa sai an kammala. Wannan batu yana cikin buƙatun da ƙungiyar ma'aikatan jinya ta ƙasa, NANNM, ta gabatar a yajin aikin gargaɗin da ta fara a ƙarshen watan Yulin 2025, inda ta nemi a riƙa raba guraben daga wuri guda kamar yadda ake yi wa sababbin likitoci.

Ga wanda ya ɗan manyanta, akwai lissafin shekarun haihuwa ma. Wanda ya haura shekara 30 a ranar kammala karatu ba ya zuwa bautar ƙasa, takardar yafewa ake ba shi. Tana aiki wajen neman aiki, amma an rasa alawus da gogewar wannan shekarar.

Maganar hannu

Zargin Goggo yana da tushe. Ɗan kwaleji tun shekarar farko ake kai shi ɗakin majinyata. Yana gyara gado, yana auna zafin jiki da bugun jini, yana juya mara lafiyar da ba ya iya motsi duk awa 2 don kada gyambon kwanciya ya kama shi. Kafin ya kai aji uku ya yi dutin dare ba adadi, ya sa robar fitsari, ya wanke ciwo, ya san fuskar majinyacin da ke shirin rikicewa. Ɗan jami'a kuwa shekararsa ta farko kimiyya ce zalla tare da sauran 'yan sayans, ta biyu kuma mafi yawanta a aji da ɗakin gwaji take ƙarewa, ana fama da ilimin sassan jiki, da yadda suke aiki, da sinadaran jiki. Zuwa asibiti sosai sai daga baya, kuma a dunƙule, makonni kaɗan a kowane zango.

Amma a lura, hannu da kai ba sa rabuwa a wannan aiki. A ɗauki ƙarin ruwa, wanda kowa ke gani kamar wasa. Likita ya rubuta leda ɗaya mai mililita 500 ta shiga cikin awa 4. Idan robar da ake amfani da ita mai ɗigo 20 ce a kowace mililita, za a ninka 500 sau 20 a samu 10,000, a raba da minti 240, ya ba da ɗigo kusan 42 a minti ɗaya. Nas ɗin da ya iya neman jijiya da kyau amma ya saki ruwan da ido, ba lissafi ba agogo, zai iya sa ledar ta ƙare cikin awa ɗaya. Ga saurayi mai lafiyar zuciya wataƙila ba komai. Ga tsohuwa mai ciwon zuciya, ko yaro mai tamowa, ko mai cikin da ke jijjiga, ruwan zai iya taruwa a huhu, numfashi ya gagara. Wanda kuma ya san duk wannan bayani amma ya huda hannun jariri sau biyar bai samu jijiya ba, shi ma ya cutar. Jarrabawar aikace ta NMCN, wadda ake kira OSCE, abu biyun take nema lokaci guda: ana zagaya tashoshi, kowace da mintoci ƙalilan, mai duba yana riƙe da takarda yana sa maki a kan wanke hannu, gaisuwa da neman izinin majinyaci, jera kayan aiki, yin aikin bisa tsari, da rubuta abin da aka yi. Da yawa ba a kan babban aikin suke faɗuwa ba, a kan waɗannan ƙananan matakai ne.

Ra'ayinmu a nan shi ne ratar hannu ta gaske ce, amma ba ta daɗewa. Ɗan jami'a mai himma yakan cike ta a shekarar horon aiki. Sannan sunan kwaleji kaɗai ba ya tabbatar da gogewa yanzu. Kwalejoji masu zaman kansu sun yi yawa, wasu ba su da asibitin kansu, sai su tura ɗalibai babban asibitin gari inda ɗaliban makarantu uku ko huɗu ke cunkushe a ɗaki ɗaya. Ɗalibai 20 a kan mai naƙuda ɗaya kallo ne kawai. Tambayar da ta fi "kwaleji ce ko jami'a" amfani ita ce: wane asibiti ake kai su, gado nawa ne a ciki, kuma makarantu nawa ne ke rabon sa?

Inda digiri ke nuna kansa

Fa'idar BNSc ba ta cika bayyana a shekarun farko ba, sai tafiya ta yi nisa. A aikin gwamnati mai digiri yana farawa a matakin albashi sama da na mai takardar kwaleji. Abin da ya fi wannan nauyi shi ne ƙarshen matakala. Wanda ba shi da digiri yakan tsaya a muƙamin babban jami'in jinya da ake kira CNO, kujerun mataimakin darakta da darakta kuwa sai mai digiri. Akwai mataron da yawa da suka shekara 25 suna aiki, sun fi kowa sanin asibitinsu, amma sai da suka koma aji da furfura kafin a ɗaga su.

HND ta gyara wasu abubuwa, ta kawo bautar ƙasa da takardar da tsarin ilimi ya sani, amma ta shigar da ma'aikatan jinya cikin tsohuwar taƙaddamar fifikon digiri a kan HND, wadda har yau ba ta mutu ba a ma'aikatu. Mai HND da ke son digiri na biyu yawanci sai ya bi ta babbar difloma ta PGD tukuna. Mai son koyarwa a jami'a ko yin bincike, hanyarsa miƙaƙƙiya ita ce BNSc.

Batun fita waje ya danganta da ƙasar da aka nufa. Hukumar jinya ta Birtaniya ta yi wa 'yan Najeriya masu RN na makarantar shekara 3 rajista da yawa. Abin da take nema shi ne lasisi mai kyau, da jarrabawar Turanci, a IELTS maki 7 a karatu da sauraro da magana, 6.5 a rubutu, ko makamancinsa a OET, jarrabawar Turanci ta ma'aikatan lafiya, sai jarrabawar kwamfuta da ta aikace. Saudiyya kuwa, wadda ta fi jan hankalin mutanenmu, tana bambantawa ƙarara: hukumarta tana sa mai difloma a rukunin masu fasaha, mai digiri a rukunin ƙwararru, albashi kuma yana bin rukunin. Duk inda za a je, sai NMCN ta tabbatar wa waccan ƙasa da ingancin takardun mutum. A watan Fabrairun 2024 hukumar ta fitar da sababbin sharuɗɗa da suka haɗa da aikin shekara 2 bayan samun lasisi kafin a tabbatar da takardu, abin da ya jawo zanga-zangar ma'aikatan jinya a Abuja da Legas. Darasin da ke ciki ga mai zaɓe shi ne dokokin fita suna iya sauyawa a tsakiyar karatunsa, kada ya gina zaɓinsa kacokan a kansu.

Kuɗi da halin gida

Kwalejin jiha ita ce mafi sauƙi ga ɗan jiha. Wasu jihohin suna ɗaukar nauyi ko ba da alawus, bisa yarjejeniyar cewa za a yi musu aiki na wasu shekaru bayan kammalawa. A karanta takardar da kyau kafin a sa hannu, domin ana iya tura mutum ƙaramar hukuma mai nisa, kuma ana iya riƙe takardunsa har sai wa'adin ya cika. Jami'ar gwamnati kuɗin rajistarta ya tashi a 'yan shekarun nan, ga haya da abinci na shekara 5, ko da yake asusun lamunin ɗalibai na NELFUND da ya fara aiki a 2024 ya rage wa wasu nauyi. A kowace hanya akwai kuɗaɗen da ba a faɗa ranar ɗaukar ɗalibi: yunifom da takalma, abin sauraren ƙirji da na awon jini, kuɗin rajista da NMCN, kuɗin kowace jarrabawar hukuma, da kuɗin mota zuwa asibitocin da ake turawa, har da na masu taɓin hankali da na karkara.

Ga 'ya'ya mata akwai tambayar aure, kuma gara a yi ta a fili tun farko. Dutin dare yana cikin karatun da aikin duka, babu hanyar kauce masa. Kwanakin asibiti da aka rasa saboda haihuwa sai an rama su kafin a ba da izinin zama jarrabawa. Kwalejin da ke garinsu, mai shekara 4, ta fi sauƙin haɗawa da gida fiye da shekara 7 da ta haɗa da neman gurbin horo a wata jiha.

Don haka, wanda gidansu ke jiran albashinsa, ko makinsa na JAMB bai kai na jami'a ba, ko wadda zama kusa da gida ya zame mata dole, kwalejin gwamnati mai asibiti na gaske ta fi masa, kuma bai rufe wa kansa ƙofa ba. Mai RN yana iya shiga jami'a ta hanyar DE, wato shiga kai tsaye, ya fara daga aji biyu, ko ya yi digirin a Buɗaɗɗiyar Jami'a ta NOUN yana aikinsa. Yana kuma iya ƙwarewa a fanni guda cikin shekara 1 zuwa wata 18: jinyar ido a Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna, ta ƙashi a asibitin Dala da ke Kano, ta ƙwaƙwalwa a asibitin Barnawa da ke Kaduna, ko ta ɗakin tiyata da sa barci. Sai dai jimillar shekarun wannan zagaye ta fi ta wanda ya shiga jami'a kai tsaye. Wanda ya samu gurbin BNSc a jami'ar da aka tantance, shekarunsa ba su ja ba, gida kuma zai iya riƙe shi, babu dalilin da zai sa ya bar shi.

Gajerun hanyoyi da ake ruɗar mutane da su

Akwai kwas ɗin jinyar al'umma da na ungozomar al'umma, shekara 2 kowanne. NMCN ce ke ba da lasisinsu, amma ba RN ba ne ba kuma RM ba. An tsara su ne don ƙauyukan da ba su da ma'aikata, inda ƙaramar hukuma ko al'umma ke turo 'yarsu ta koya ta koma. Ga wannan manufa suna da amfani ƙwarai. Ga mai burin asibitin koyarwa ko Saudiyya kuwa, sai ya sake komawa makaranta.

CHEW da JCHEW, wato aikin jami'in lafiyar al'umma da na ƙaraminsa, da ake yi a kwalejojin fasahar lafiya, sana'a ce daban mai hukumarta daban, da littafin ƙa'idojin aikinta, kuma gurbinta asibitocin matakin farko. Ko unguwa ta kira mai ita nas, ba zai iya zama jarrabawar RN da wannan takarda ba. "Nas" ɗin da aka koya wa aiki a asibitin kuɗi ba tare da makaranta ba kuwa ba shi da lasisin kowa. Masu tura 'ya'yansu Maraɗi, Masar, Indiya ko Uganda su sa a lissafi cewa idan an dawo sai an yi shirin daidaitawa na watanni a jami'ar da NMCN ta ware, a kuma ci jarrabawarta, kafin a taɓa majinyaci a Najeriya.

Kafin a biya ko kwabo

Mafi munin asara a wannan fanni ba ta zaɓen kwaleji ko jami'a ba ce, ta shiga inda ba za a samu lasisi ba ce. NMCN tana ba kowace makaranta adadin ɗaliban da za ta ɗauka, gwargwadon malamanta da ɗakunan gwajinta da gadajen asibitinta. Waɗanda ke cikin wannan adadi ne kaɗai take yi wa rajistar ɗalibta, abin da ake kira indeksin, ta ba kowa lambarsa. Wanda ba shi da wannan lamba ba zai zauna jarrabawar hukuma ba ko ya fi kowa ƙoƙari. Makarantar da aka ba gurbi 100 ta ɗauki 250 don kuɗin makaranta, ragowar 150 ɗin ko dai a zubar da su a jarrabawar shekarar farko, ko a yi ta jan su ana cewa sai zagaye na gaba. Wannan yana faruwa a kwalejoji, yana faruwa a jami'o'i.

A duba sunan makarantar a jerin da NMCN ke wallafawa a shafinta, a kuma tabbatar kwas ɗin da ake so ne aka amince da shi, domin ana iya amince wa makaranta ungozoma ba a amince mata jinya ba. Jami'a tana buƙatar amincewar hukumar jami'o'i ta NUC da ta NMCN duka, kwaleji mai ND da HND tana buƙatar ta NBTE da ta NMCN. Amincewar ɗaya ba ta wadatar. A tabbatar gurbin ya fito a CAPS, shafin ba da gurbi na JAMB, an kuma karɓa a can, don wanda sunansa ba ya rajistar JAMB zai sha wuya wajen bautar ƙasa. Sannan a samu 'yan aji uku na makarantar, ba ma'aikatan ofis ba, a tambaye su: ku nawa kuka fara, nawa aka yi wa indeksin, nawa suka ci jarrabawar hukuma a zaman da ya wuce?

Sai a jera takardun yaro a kan tabarma a karanta su harafi bayan harafi. Idan WAEC ta rubuta Aisha Muhammad Sani, JAMB ta rubuta Aishatu Sani Mohammed, NIN kuma ta zo da wata ranar haihuwa daban, a gyara tun kafin rajista. Sunan da ya shiga indeksin shi zai hau lasisi, kuma gyaransa daga baya yana cin watanni da takardar rantsuwa a kotu, wani lokaci har ya sa a rasa zaman jarrabawa guda.